Ƙaro Ilimi ko Shan Iska? Tsokaci a Kan Kai Ɗalibai Gidajen Wasa na Ƙasashen Waje

Daga cikin al'adun da makarantar boko ta zo da su akwai fita da ɗalibai waje domin su gane wa idanunsu abin da suka karanta a littafi. A da, iyakar tafiyar ita ce gidan tarihi ko masaƙa ko madatsar ruwa ko gonar gwaji, a tashi da hantsi a motar haya, a dawo kafin magariba. Yanzu abin ya canza salo. Makarantun Ingila kan cika manyan motoci da yara su tsallaka ruwa zuwa Faransa, su yada zango a gidan wasan nan da ake kira Disneyland Paris. Wasu makarantun kuɗi na manyan biranen Nijeriya su ma sun bi sahu, suna kai nasu yaran can, ko kuwa gidajen wasa na Dubai. Takardar da ake aika wa iyaye kan kira tafiyar da sunan ziyarar ƙaro ilimi, kuma a kan wannan suna ne ya kamata ɗalibin koyon malanta ya tsaya ya yi tunani, domin wata rana shi za a ce ya rubuta irin wannan takarda, ko ya riƙe fasfon yara ashirin a filin jirgin sama.

Suna linzami ne, in ji Bahaushe. Uban da aka ce masa ɗansa zai je shan iska yana da damar ya ce babu hali a bana, ya kwana da zuciyarsa wasai. Wanda aka ce masa ɗansa zai je ƙaro ilimi kuwa an ɗaure shi da igiya mai ƙarfi, saboda babu uban kirkin da zai so a ce shi ne ya tsaya tsakanin ɗansa da ilimi. Nauyin sunan bai tsaya a gida ba. Tun daga watan Yunin 2024, kuɗin neman bizar shiga ƙasashen Turai masu biza ɗaya ya zama Yuro 90 ga wanda ya kai shekara 12, da Yuro 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, amma dokar bizar ta yafe wannan kuɗi ga ɗalibai da malaman da suka rako su idan tafiyar ta karatu ce ko ta horo. Ashe ke nan kalmar da makaranta ta zaɓa tana aiki har a ofishin jakadanci. Abin tambaya shi ne ko gidan wasa ya cancanci wannan suna.

Kafin a amsa, yana da kyau a san wurin da ake magana a kansa. An buɗe shi ranar 12 ga Afrilu, 1992, a Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Paris, da sunan Euro Disney, aka canza masa suna a 1994. Shi ne ƙanen wanda Walt Disney ya buɗe a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1955. Tun kafin a buɗe ƙofarsa wasu masanan Faransa suka yi masa ca, har shahararriyar mai shirya wasan kwaikwayo Ariane Mnouchkine ta kamanta shi da bala'in Chernobyl ta fuskar al'ada. Mai yiwuwa ta zuzuta, amma akwai abin dubawa a maganarta. Duk wanda ya shiga babban filin sai ya ratsa wani titi da aka gina bisa kamannin ƙaramin garin Amurka na farkon ƙarni na 20, irin garin Marceline inda Walt Disney ya yi ƙuruciyarsa. Kantuna da gidajen abinci ne dama da hagu, kuma ta nan ake fita da dare. Yaron da ya shafe kimanin awa shida a jirgi daga Abuja, idan iyakarsa ke nan, ya je Faransa amma Amurkar da aka ƙaga ya gano.

Duk da haka, rashin adalci ne a ce babu abin koyo a gidan wasa. Akwai shi, kuma mai daraja. A ɗauki misalin jirgin nan mai hawa da gangara wanda yara ke ihu a cikinsa. Galibin irinsa ba su da inji a jikinsu. Sarƙa ce ke jan su zuwa ƙolin tudun farko, daga nan a sake su, nauyinsu ya yi sauran aikin. Ƙarfin da suka tara saboda tsayin da suka hau shi ne yake rikiɗewa ya zama gudu, kuma da yake gogayya da iska suna cin wani kaso a hanya, dole tudun farko ya fi duk na bayansa tsayi. Ɗalibin babbar sakandare da ya san tsayin tudu zai iya lissafa gudun da za a yi a ƙasansa: tudu mai mita 20 zai ba da abin da ya kusa kilomita 70 a awa ɗaya. Haka kuma zoben da jirgin ke shiga ya kifar da mutane ya dawo da su, ba zagayayye ne kamar faifai ba. Waɗanda aka gina zagayayyu a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19 sun riƙa wahalar da wuyan mahaya, har sai da injiniyan Jamus Werner Stengel ya tsara zobe mai siffar ɗigon ruwa, mai faɗi a ƙasa da tsukewa a sama, wanda aka fara hawa a Kalifoniya a 1976. Saboda irin wannan ne wasu gidajen wasa na Amurka ke ware rana ta musamman ga ɗaliban kimiyya, su zo da agogo da ma'auni da takardar aiki.

To, amma sai a lura da sharaɗin. Waɗancan ɗalibai sun riga sun yi darasin a aji, sun zo da tambayar da suke neman amsarta, kuma za su koma su gabatar da abin da suka auna. Inda babu wannan, abin da yaro ke tsira da shi daga jirgin shi ne jiri da dariya. Daɗin daɗawa, ƙa'idar da ke riƙe mahayi a kujerarsa yayin da kansa yake ƙasa ita ce ke riƙe ruwa a cikin bokitin da yaro ya wulwula a kan kansa bai zube ba. Malamin da bai iya nuna ta da bokiti da igiya a farfajiyar makaranta ba, tikitin jirgin sama ba zai koya masa ba.

Masana ilimin koyarwa sun daɗe da yin magana a kan wannan. John Dewey, wanda ake jingina masa koyarwa ta hanyar aikatawa, ya yi gargaɗi a littafinsa na 1938 cewa ba kowane abin da ya faru da mutum ne yake ilimantar da shi ba, akwai ma wanda ke dakushe shi. A 1978 John Falk da abokan aikinsa sun nuna cewa yaran da aka kai baƙon wuri kan ƙarar da hankalinsu wajen kalle-kalle da neman sabawa da wurin, ta yadda darasin da aka je dominsa yakan wuce su. Idan haka lamarin yake a dajin nazari inda babu komai sai itatuwa da tsuntsaye, ina ga wurin da aka kashe biliyoyi musamman domin ya ɗauke hankali da fitilu da kiɗa da ƙamshin alewa? Gani ya kori ji, gaskiya ne, sai dai idon da ba a gaya masa abin da zai duba ba yakan dawo da abin da ya fi walƙiya.

Akwai wani bincike da ya dace kowane malami ya san shi. Bayan an buɗe gidan adana zane-zane na Crystal Bridges a jihar Arkansas ta Amurka a 2011, makarantun da suka nemi ziyara sun fi ƙarfin wurin, sai aka koma ga ƙuri'a. Jay Greene da abokan aikinsa suka yi amfani da wannan dama suka gwada ɗaliban da suka je da waɗanda ba su je ba tukuna, su kusan 11,000. Suka tarar waɗanda suka je sun fi iya duban zane su yi masa sharhi, sun fi fahimtar halin da mutanen wani zamani suka rayu a ciki, sun kuma fi haƙuri da ra'ayin da ya saɓa wa nasu. Amfanin ya fi bayyana ga yaran karkara da 'ya'yan talakawa. Masu binciken sun koka da cewa makarantun ƙasarsu suna barin irin wannan ziyara suna komawa ga ta tukuici, wato kai yara gidan wasa ko silima saboda sun yi ƙoƙari a jarrabawa. Abin lura a nan shi ne tafiyar yini guda ce, ba ta buƙaci fasfo ba, kuma waɗanda suka fi cin moriyarta su ne ainihin waɗanda tafiyar ƙasar waje take bari a baya.

Hujjar da aka fi kafawa a Ingila, kuma ake maimaitawa a Nijeriya, ita ce yara za su ji Faransanci daga bakin masu shi. Duk wanda ya san yadda ake koyon harshe zai yi murmushi. Harshe yana zama a bakin mutum ne idan buƙata ta tilasta masa ya yi magana da shi, ya yi kuskure, a gyara masa, ya sake gwadawa. Gidan wasan kuwa an tsara shi ne domin kada baƙo ya taɓa shiga wannan tasku. Alamomi suna da Turanci, sanarwa tana da Turanci, ma'aikaci kuma da zarar ya ji yaro yana in-ina sai ya juya masa harshe domin layi ya matsa. Yaron da aka ba Yuro biyar aka ce ya shiga shagon burodi a wata unguwa ya gaida mai shago, ya sayo, ya ƙirga canji, ya fi wanda ya yini a layin lilo samun Faransanci. Kai, ɗalibin Katsina ko Sakkwato da ke son harshen, makarantun Maraɗi da Damagaram da Yamai sun fi kusa da shi, kuma a can zai iya tambaya da Hausa idan ya ɓace.

Ko ɗan adabin Faransa da ya rage a wurin ma an yi ta rage shi. Jirgin da ake kira Space Mountain, lokacin da aka buɗe shi a 1995, an gina labarinsa ne a kan littafin Jules Verne na 1865 mai ba da labarin mutanen da aka harba zuwa wata daga bakin igwa. Malamin adabi zai iya rataya darasi a nan. A 2005 aka canza labarin, a 2017 kuma aka mai da shi na finafinan Star Wars. Ba laifi kamfanin ya yi ba, kasuwa yake bi, kuma bai taɓa cewa shi makaranta ne ba.

Akwai kuma batun da ya shafi yaron Afirka musamman, wanda ba kasafai takardar iyaye ke ambata ba, wato irin hoton da gidajen wasa suka saba nunawa na nahiyarsa. A cikin Paris ɗin kanta akwai lambun Jardin d'Acclimatation, wanda aka buɗe a 1860, kuma a yau wurin wasan yara ne. Daga 1877 an riƙa baje kolin mutane a cikinsa, aka fara da Nubiyawa daga yankin Sudan tare da raƙumansu da sauran dabbobi, jama'a na biyan kuɗi su yi kallo, kuma an ci gaba da irin haka har zuwa 1931. A gidan Disney na Kalifoniya, kwale-kwalen Jungle Cruise ya shafe fiye da shekara 60 yana ratsa gumakan baƙaƙen mutane masu masu da garkuwa suna barazana ga matafiya, sai a 2021 kamfanin ya cire su. An yi gyara, kuma gyaran abin yabo ne. Amma malamin da ya san wannan tarihi zai iya mai da rabin awa a bakin lambun nan darasin da yaro ba zai manta ba, wanda bai sani ba kuwa zai wuce da ɗalibansa ta wurin suna lasar askirim. A gidan tarihi na Quai Branly, wanda aka buɗe a 2006, akwai dubban kayan Afirka, kuma daga nan ne aka mayar wa Jamhuriyar Benin kayan masarautar Abomey guda 26 a watan Nuwamban 2021. Gidan tarihi na Louvre ba ya karɓar kuɗin shiga daga wanda bai kai shekara 18 ba, ko daga wace ƙasa ya fito. Tsakanin waɗannan wurare da gidan wasan tafiyar kamar minti 40 ce a jirgin ƙasa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ƙashin bayan al'amarin. A watan Yulin 2024 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya a kan naira 70,000, kuma a watan Oktoban shekarar Yuro ɗaya ya haura naira 1,700. Ma'ana, a wancan lokaci Yuro 90 kaɗai ya fi albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci, ba a zo kan jirgi da masauki da inshora da tikitin shiga ba. Wani zai ce ai makarantar kuɗi ce, duk wanda ya kai ɗansa can ya shirya. Wanda ya taɓa koyarwa a irin waɗannan makarantu ya san zancen ba haka yake ba. A aji ɗaya ana samun ɗan attajiri, da ɗan ma'aikacin da ke biyan kuɗin makaranta da adashe, da marayan da kawunsa ya ɗauki nauyinsa, da ɗan malamin makarantar da aka yi wa rangwame. Kayan makaranta iri ɗaya an ƙirƙiro su ne domin su rufe wannan bambanci, sai ga makarantar da kanta ta yaye shi. Mako biyu kafin tafiya babu zancen da ake yi sai nata, mako biyu bayanta babu abin da ake nunawa sai hotuna, waɗanda aka bari kuma a haɗa su aji ɗaya a ce su yi bita. Mafi muni shi ne malamin da zai ba da jingar insha'i a kan tafiyar ga aji gaba ɗaya.

Dokar ilimi ta Ingila ta 1996 ta hango wannan matsala. Ta hana makarantun gwamnati karɓar kuɗi a kan abin da ake yi a lokacin karatu, iyaka su nemi gudummawar ganin dama, kuma ba a barin yaro a baya don mahaifinsa bai bayar ba, ko da yake ana iya karɓar kuɗin kwana da abinci. Hikimar da ke ciki a fili take: abin da makaranta ta kira ilimi haƙƙin kowane ɗalibinta ne. Idan tafiyar tana cikin manhaja, ba a da hurumin hana wani. Idan kuwa ana iya hana wani ba tare da ya yi asarar komai a karatunsa ba, to makarantar ta amsa da bakinta cewa ba ta cikin manhaja. A cikin gidan wasan ma yaro zai sake cin karo da darasin. Tun 2021 Disneyland Paris ya daina ba da tikitin tsallake layi kyauta ya koma sayar da shi, don haka mai kuɗi a aljihu yana wucewa ta gefe, saura suna tsaye suna kallo.

Amana ita ce ta ƙarshe a lissafin masu shirya tafiya, alhali ita ya kamata ta zo farko. Injinan manyan gidajen wasa ana duba su sosai, kuma haɗari a cikinsu kaɗan ne idan aka kwatanta da miliyoyin da ke hawa. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen sa ido. A watan Mayun 2017, wata yarinya 'yar shekara 11 daga wata makaranta a birnin Leicester ta faɗa ruwa daga kwale-kwalen wasa a Drayton Manor da ke Ingila yayin ziyarar makaranta, ta rasu. Tana tare da ƙawayenta ne, babu malami a cikin kwale-kwalen. A 2021 kotu ta ci tarar masu wurin fam miliyan ɗaya saboda sakaci da matakan kariya. Wannan ya faru ne a ƙasar yarinyar, inda malamanta ke jin harshen kuma suka san lambar da za su kira. Sai a auna halin malamin da bai taɓa fita waje ba, aka damƙa masa yara goma sha biyar a cikin dubban mutane, ga mai ciwon asma, ga mai sikila a ƙasar sanyi, ga batun abincin da ya halatta da inda za a yi salla, shi kansa kuma idonsa na kan abubuwan mamaki kamar na yaran. Sau da yawa kujerarsa kyauta ce daga kamfanin shirya tafiyar, gwargwadon yawan yaran da aka tara, wanda hakan ke sa wanda ya kamata ya auna amfanin tafiyar ya zama mai rabo a cikinta.

Duk wannan ba ya nufin wasa abin ƙyama ne. Al'ummar da ta raya dandali da tashe da langa ba ta buƙatar a koya mata cewa yaro yana girma da wasa, kuma yaron da ya yi shekara yana fama da jarrabawa ya cancanci ya yi ihu a kan lilo. Uban da Allah ya hore wa, ya ɗauki iyalinsa lokacin hutu ya kai su, babu mai cewa don me. Makarantar da ke son shirya irin wannan tafiya ita ma tana iya yi, matuƙar ta kira ta da sunanta na shan iska, ta sa ta a cikin hutu, ta kuma raba ta da maki da jinga. Wadda ta dage a kan sunan ƙaro ilimi kuwa, sai ta nuna wa ƙungiyar iyaye da malamai wane babi na manhaja tafiyar ta shafa, wane darasi za a yi kafin a tashi, me kowane yaro zai auno ko ya rubuto, yara nawa ke hannun kowane malami, wa ya biya kuɗin kujerar malamin, da kuma abin da aka tanadar wa waɗanda iyayensu ba su iya biya ba. A jadawalin kwana biyar a Paris, yini ɗaya a gidan wasa bayan huɗu a gidajen tarihi da cibiyar kimiyya ta La Villette da kasuwar unguwa abu ne da za a iya karewa a gaban iyaye. Jadawalin da ya ba gidan wasa kwana uku, ya bar wa birnin awa biyu na ɗaukar hoto a gindin hasumiyar Eiffel, takardarsa na buƙatar a sake mata kai kafin shugaban makaranta ya sa hannu.